Muhawara: A mayar da masaƙun Kakuri gidajen al'adu, ko a ci gaba da jiran injina su tashi?

Ɗan Makera:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana, na kuma san ba kowa za ta yi wa daɗi ba. Masaƙun Kakuri da ke Kaduna ba za su dawo yadda iyayenmu suka san su ba. Masaƙar KTL, wato Kaduna Textiles, wadda gwamnatin Sardauna ta kafa tare da kamfanin David Whitehead na Ingila, ta fara aiki a 1957, ta rufe tun 2002. Yaron da aka haifa a shekarar, yau ya isa aure. Kowace gwamnati ta zo sai ta yi alkawarin farfaɗo da masaƙu, a kafa kwamiti, a zagaya da 'yan jarida, a watse. Gine-ginen kuwa damina na ci, 'yan jari bola na ci. Ra'ayina shi ne a ɗauki ko da guda ɗaya cikin waɗanda suka mutu murus, a gyara ta, a mayar da ita gidan al'adu: gidan tarihin saƙa, ɗakin karatu, zauren taro, da wuraren da masu zane da marina da teloli za su yi aiki su baje kolinsu. An yi haka a wasu ƙasashe. A Landan tashar wutar lantarki ta Bankside ta daina aiki a 1981, a 2000 aka buɗe ta a matsayin gidan zane na Tate Modern, miliyoyin mutane ke shigarsa duk shekara. Me zai hana mu?

'Yar Kwari:
Wa'alaikumus salam. Ƙanina, Landan ka ce? Mutanen Landan tashar wuta guda suka rufe suna da wasu, wutarsu ba ta ɗauke ba. Mu masaƙa ce ta mutu ba mu da madadinta. Kullum ina Kantin Kwari. Ka ɗaga atamfofin da ke shagona ɗaya bayan ɗaya, da ƙyar za ka ga wadda aka buga a ƙasar nan, yawanci daga Sin suke zuwa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya ke nan. Sai ka zo ka ce a rataya hotuna a inda ya kamata inji ya yi ƙara? Ranar da aka kafa allon gidan al'adu a ƙofar masaƙa, ranar gwamnati ta samu hujjar wanke hannunta daga maganar gaba ɗaya.

Baba Masaƙi:
Jikata ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Ɗana, na ji maganarka, ban kuma ga laifinka ba, don kai ka tashi ka tarar da kango ne. Ni na san wurin da ransa. In jiniya ta yi kuka lokacin canjin shifta, titin Kakuri ba ya biyuwa saboda kekuna. Masu fita fari fat da ƙurar auduga har gashin ido, masu shiga da kwanon abinci ɗaure a kariyar keke. A ɗakin saƙa ba ka jin maganar wanda ke kusa da kai, da leɓe da hannu muke hira, har yau kunnena na hagu bai dawo daidai ba. Zare ya tsinke, ka gane tun daga canjin ƙarar injin, ka ƙulla shi kafin foman ya ƙaraso. Da albashin wurin nan na yi aure, na gina ɗakunan da nake ciki, na sa yara a makaranta.

Masaƙar da na yi wa aiki, ba zan kama sunanta ba, ta rufe da kuɗin sallamarmu a cikinta. Muka zo da safe muka tarar da kwaɗo a get. Abokan aikina da yawa sun riga mu gidan gaskiya suna jiran kuɗin nan, matansu da 'ya'yansu suna nan suna jira. To in har za a samu kuɗin fenti da fitilu da kujerun zauren taro, ta yaya aka rasa na marayu? A biya bashi tukun, sannan a zo a yi maganar ado.

Ɗan Makera:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ba ni da ja a kan haƙƙinku ko kaɗan. Abin da nake dubawa, Baba, rufin da ke ruftawa ba ya biyan kowa ko kwabo. Kowace damina darajar ginin raguwa take yi, abin da za a iya sayarwa ko a ba da haya a biya ku da shi yana lalacewa a gaban idonmu.

Injiniya:
Hajiya, ranki ya daɗe, bari in taɓa maganarki, don ni ma burina in ga ana saƙa a Kaduna. Sai dai akwai abu biyu da ake haɗawa alhali kowanne daban yake: farfaɗo da sana'ar, da farfaɗo da waɗannan gine-ginen da injinan da suka rage a ciki.

Injin saƙa mai jefa ƙoshiya, irin wanda su Baba suka fara aiki da shi, an wuce wurinsa. Na yanzu da iska ko da ruwa yake harba zaren, yana ninka na da sau da yawa a gudu, kuma mutum ɗaya na iya kula da jeri guda. Duk wanda ya zo da jari yau sabbin injina zai sayo, kuma ba zai ɗauki yawan mutanen da aka ɗauka a da ba. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, amma gara a faɗe ta.

Sannan ba ginin ne ya kashe masaƙun ba. Tun daga SAP, tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, naira ta faɗi, kayan gyara da sinadaran rini suka yi tsada. Wuta ba ta tsayawa, baƙin man da ake hura tukunyar tururi da shi ya yi wuya. Noman auduga a Funtuwa da Gusau da Gombe ya ja baya. A farkon 2005 yarjejeniyar da ke ƙayyade cinikin yadi a duniya ta ƙare, kayan Sin suka malalo ko'ina, namu kuma ta fasa-ƙwauri suke shigowa daga maƙwabta. An ware naira biliyan 100 ta hannun Bankin Masana'antu don auduga da masaƙu da ɗinki. A 2019 Babban Banki ya hana masu shigo da yadi samun dala daga wurinsa. Duk da haka me muka gani a Kakuri? Matuƙar ba a gyara wuta da auduga da bakin iyaka ba, ko gini sabo fil aka ba mai masaƙa rufewa zai yi.

'Yar Kwari:
Injiniya, lissafinka daidai ne, amma bai kai ni inda kake so ba. Masaƙar UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007, aka sake buɗe ta a ƙarshen 2010, wasu suka koma bakin aiki. Ke nan abin ba gagara ya yi ba. Mu fiye da miliyan 200 ne a ƙasar nan, kowa na sa tufa. Kakin soja da na 'yan sanda da na kwastan, yunifom ɗin 'yan makaranta, zanin gadon asibiti, ashoben biki, likkafani ma. In gwamnati ta tsaya tsayin daka cewa nata kaɗai a gida za a saƙa, masaƙa nawa zai riƙe?

Ga abin da ku masu boko ba ku cika dubawa ba. Filin masana'anta ba a samunsa sau biyu. Kakuri na kusa da layin dogo, ga kogi, ga manyan layukan wuta, ga unguwannin ma'aikata kewaye da ita. Waɗanda suka zaɓi wurin sun san abin da suke yi. In aka canza masa aiki yau, gobe mai jari ya zo, ina za a kai shi? Daji, inda babu hanya babu tsaro?

Ɗan Makera:
Yaya, a nan ne nake ganin muna faɗa a kan abin da wani na uku ke shirin ɗaukewa. Kina cewa masaƙa, ina cewa gidan al'adu, shi kuwa dillalin filaye yana auna wurin da ido yana ƙirga filoti nawa zai fita. Abokin takarar gaskiya katafila ce. Dubi dalar gyaɗa a garinku. Buhu har 15,000 ake jerawa a dala guda, hotonta ya zagaya duniya, sunan Alhasan Ɗantata ya tafi da ita. Yau ki ɗauki ɗanki ki nuna masa ko da harsashin dala ɗaya da aka keɓe aka ce nan ne. Gine-gine sun cinye wurin. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar a shafe tarihin, shiru kawai aka yi har ya shafe. A Legas ma tsofaffin sito na masana'antu da yawa sun koma majami'u da ɗakunan biki. Gidan al'adu aƙalla yana barin ginin a tsaye, bangonsa da ginshiƙansa ba a taɓa ba. Filotin da aka yanka aka sayar wa mutum ɗari kuwa, har abada ba mai sake haɗa shi.

Malam na Tudun Wada:
Bismillah. Ina bin maganar tun ɗazu. Ɗan Makera, kafin mu yi nisa, me za a riƙa yi a cikin zauren nan da daddare? Ina tambaya ne don mun ga abin da ya faru a 2016, da gwamnatin tarayya ta ce za ta gina ƙauyen fim a Kofa ta ƙaramar hukumar Bebeji. Ba a zauna da mutane ba, ba a yi musu bayani ba, malamai suka tashi, aka janye. Kuɗin da aikin duka aka rasa. In wuri ne na karatu da koyon sana'a da adana tarihi, ni zan fara kai ɗalibaina. In kuwa za a fake da sunan al'ada a buɗe wurin kiɗa da cakuɗa har asuba a tsakiyar unguwar talakawa, ba da mu ba. Sannan wancan gidan na Landan da ka kawo misali, fam miliyan 134 aka kashe wajen gyara shi, kuma kaso mai tsoka daga kuɗin cacar ƙasa ya fito. Mu ba mu da wannan hanyar, ba ma kuma son ta.

Anti ta Nasarawa:
Allah ya gafarta Malam, ina gaisuwa. Na yarda da kai cewa sai an zauna da mutane. Amma a tuna mutanen Kakuri da Makera da Nasarawa da Tirkaniya ba iri ɗaya ba ne, akwai masallaci akwai coci, kuma duka za a zauna da su. Kada ƙa'idar ta fito daga ɓangare guda.

Ni mahaifiyata abinci ta sayar a bakin get ɗin masaƙa, a rumfarta na girma. Benci ɗaya ne dogo. A kansa za ka ga Bahaushe da Bajju da Tibi da Idoma da Bayarabe da Igala, kafaɗa na gugar kafaɗa, kowa da farantinsa. Tana da littafin bashi, ranar albashi kowa ya zo ya soke sunansa. Da azumi takan ajiye wa 'yan shiftar yamma kunu da ƙosai, da Kirsimeti su kuma su zo gidanmu cin shinkafa. Ƙungiyar ma'aikatan masaƙa ba ta tambayar addininka. Adams Oshiomhole daga Arewa Textiles ya fara, ya zama babban sakataren ƙungiyar a 1982, ya shugabanci NLC, ya yi gwamnan Edo. Ɗan Edo ne, Kaduna ce ta yi shi.

Bayan rikicin 2000 da na 2002 kowa ya san yadda garin ya rabu, kogi ya zama iyaka. Shekarun nan ne kuma masaƙun suka yi ta rufewa. 'Ya'yana ba su da aboki ko ɗaya a Tudun Wada, na tabbata ɗaliban Malam ma ba su da shi a Sabon Tasha. Ina ne a garin nan yaron can da yaron nan za su shiga su ce kakana ma a nan ya yi aiki? Wurin nan ne kaɗai. Saboda haka nake bayan Ɗan Makera, ko da Landan ba ta taɓa yin irinsa ba.

Malam na Tudun Wada:
'Yar'uwa, maganarki ta shige ni. Mahaifina ma ya yi ɗinki a Makera, abokan cinikinsa rabi ba Musulmi ba ne. In aka kafa kwamitin amintattu da limamai da fastoci da tsofaffin ma'aikata da matan unguwa, aka rubuta abin da za a yi da wanda ba za a yi ba tun kafin a ɗora bulo, ba ni da matsala. Sharaɗina yana nan dai: a rubuce, ba da baki ba.

Ɗan Zango:
Gaisuwa daga Tamale, 'yan'uwa. Ku daina hangen Turai, ku leƙo nan Gana. Muna da wani mai zane, Ibrahim Mahama, ba ɗan kasuwan nan ƙanin shugaban ƙasa ba, suna ne ya zo ɗaya. Shi ne wanda ke ɗinke tsofaffin buhunan koko da gawayi ya lulluɓe manyan gine-gine da su. Da kuɗin da yake samu in ya sayar da aikinsa a waje ya buɗe cibiyar zane ta SCCA a 2019, ya buɗe Red Clay a 2020, inda ya jawo tsofaffin jiragen sama ya mayar da su ajin yara. Sannan akwai wani ƙaton rumbun siminti da aka fara ginawa zamanin Nkrumah don ajiye hatsi, aka watsar da shi bayan juyin mulkin 1966. Shekara da shekaru yana nan, ruwa da yashi sun cika ƙasansa, mutane na tsoron wurin. Ya saye shi, aka yashe, ya buɗe shi a 2021 da sunan Nkrumah Volini. Jemagun da ya tarar a ciki bai kore su ba. Bai yi masa fenti ya ɓoye tsufansa ba. Ku zo ku ga motocin 'yan makaranta daga ƙauyuka. Tamale ba ta fi Kaduna kuɗi ba, ba ta fi ta masu kuɗi ba.

Malama Maman Ummi:
Ɗan'uwa na Tamale, Allah ya saka wa mutumin da alheri. Amma ka lura mutum ɗaya ne, da aljihunsa, yana tsaye a kan abinsa. Mu nan gwamnati ake kira, ni kuma abin da ke damuna ke nan. Ni malamar makaranta ce, nakan fita da yara ziyara. Ba mu rasa tsofaffin gine-ginen da aka canza wa aiki ba. Gidan tarihi na Kaduna tsohon ofishin jam'iyyar NPC ne, aka buɗe shi a 1975. Arewa House gidan Sardauna ne. A Kano ga Gidan Makama, ga Gidan Ɗan Hausa. Mutum nawa a zauren nan ya taka ɗaya daga cikinsu a shekarar nan? Buɗewa ba ta yi mana wuya, a yanka kyalle a yi tafi. Riƙewa ce ke kayar da mu. Waɗannan gidaje ne madaidaita. Zauren masaƙa kuwa sai ka tsaya a wannan bango ka kasa gane fuskar wanda ke wancan. Wa zai biya kuɗin wuta da mai gadi da mai shara? Wa zai canza kwano in ya fara yoyo bayan gwamnan da ya buɗe ya sauka?

Injiniya:
Malama ta taɓo inda ke ciwo, bari in ƙara mata nauyi kafin in kawo abin da nake gani mafita. Gine-ginen masana'antu na wancan zamani da yawa da asbesto aka rufe su ko aka naɗe bututun tururinsu. In yana zaune lafiya ba ya cutarwa sosai, amma in ya farfashe ƙurarsa ta shiga huhu, bayan shekaru tana jawo ciwon daji. Ba aikin lebura da guduma ba ne. Ɓangaren rini da buga zane kuma ƙasarsa ta sha soda da sinadarai shekara da shekaru, sai an gwada ta kafin a bar yara su yi wasa a wurin. Ƙarafunan da ke riƙe da rufi sai an bi su ɗaya bayan ɗaya, musamman inda aka kwance wasu aka sayar. Duk wannan kuɗi ne tun kafin a rataya hoto ko ɗaya.

Misalin da ya dace da mu masaƙa ce irin tamu. Salts Mill a kusa da Bradford ta Ingila, Titus Salt ya gina ta a 1853, ta daina saƙa a 1986. A 1987 wani ɗan kasuwa, Jonathan Silver, ya saye ta. Bai mayar da ita gidan kallo gaba ɗaya ba. Ya ware wani ɓangare ya baje zanen David Hockney, ɗan garin, ya sa kantin littattafai da wurin cin abinci, sauran ya ba kamfanoni haya, har da kamfanin Pace mai ƙera na'urorin talabijin. Mutane suka koma aiki a ginin, haya ta riƙe rufin. A 2001 UNESCO ta sa garin Saltaire, inda masaƙar take, cikin wuraren tarihi na duniya.

To a Kakuri me zai hana a raba haka? Mafi yawan filin a ba teloli da masu ɗinkin yunifom da masu surfani da marina haya, a haɗa musu wutar sola guda a kan wannan faffaɗan rufin, tunda wuta ce ke kashe tela. Zaure ɗaya ko biyu a bar wa tarihi da karatu da taro. Kuma filin na nan a dunƙule, Hajiya, in mai masaƙa ya zo gobe.

'Yar Kwari:
Wannan ya fi kama hankali, Injiniya, don aƙalla da keken ɗinki a ciki. Amma tsorona bai tafi ba. Na ga yadda ake yi da kasuwanni. A ce za a sabunta don talaka, a tashe shi, a gina, shago ya fito da farashin da sai mai kuɗi. A Kef Tawun ta Afirka ta Kudu sun fafe tsohon rumbun hatsi na bakin teku sun buɗe gidan zane na Zeitz a 2017, abin gwanin kyau a hoto. Me ke samansa? Otal na masu hannu da shuni. Ɗan dakon da ya yi aiki a rumbun zai iya kwana ɗaya a ciki? In Kakuri ta yi kyau, hayar ɗaki a Makera za ta tashi, jikokin su Baba su ne za su fara tattara kaya. Ni a wurina wannan kora ce, ko da an yi ta da fitilu masu kyau.

Lauya:
Ku ba ni dama in sa baki ta fuskar doka, don duk muna magana kamar ginin na zaure ne. Kowace masaƙa da mai ita. KTL ta jihohin Arewa 19 ce tare da NNDC, kamfanin zuba jari na Arewa, ke nan gwamna ɗaya ba zai tashi ya ba da ita ba. Wasu na 'yan kasuwa ne, kuma kamfanin da ya rufe da wuya a rasa masu binsa bashi. Baba, a dokar kamfanoni, in aka zo karkasa dukiyar kamfanin da ya durƙushe, haƙƙin ma'aikata na cikin waɗanda ake gabatarwa. Saboda haka maganarku ta a biya tukun ba roƙo ba ne, tana da gindi. Ana iya rubuta shi cikin yarjejeniyar haya ko ta sayarwa: kaso kaza na duk abin da ya shigo ya tafi asusun tsofaffin ma'aikata da magadansu har a gama. Haka ma tsoron Hajiya, ana iya ƙayyade kuɗin hayar shaguna da waɗanda za a fara ba.

Abu na gaggawa kuwa shi ne kariya. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta ba da hanyar ayyana gini a matsayin abin tarihi, daga nan ba a rushe shi sai da izini. A Jamus, mahaƙar kwal ta Zollverein da ke Esen ta rufe a Disamban 1986, a cikin watan nan gwamnatin jihar ta sa ta ƙarƙashin kariya. A lokacin ba su gama sanin me za su yi da ita ba. Sun hana rusau tukun, shawara ta biyo baya, a 2001 ta shiga jerin UNESCO. Mu tunaninmu kan abin tarihi ya tsaya a ganuwa da fada da masallaci, ba ma kallon masana'anta. Ko masu son masaƙa ta dawo, ko masu son gidan al'adu, takardar kariyar nan ta yi wa kowa amfani.

Baba Masaƙi:
Lauya, Allah ya yi maka albarka. Mun sha jin kaso kaza a takarda, sai na ga alat a wayar matar abokina sannan zan gaskata. Ban sauka daga kan maganata ba.

Amma 'yata ta Nasarawa ta tuna mini abin da na kwana biyu ban tuna ba. Wataƙila ma na ci abinci a rumfar mahaifiyarki. In har za ku yi abin nan, kada ku kawo mana kayan wasu wurare ku cika shi. Ku nemi inji ɗaya mai ƙoshiya kafin a gama yanka su a kan kilo, akwai makanikanmu da ke raye da za su tayar da shi. Yaro ya ji ƙararsa da kunnensa, ya ga yadda auduga ke zama zare, zare ya zama akoko. Ku nemi littattafan samfurin zane na ɗakin buga atamfa, in gara ba ta cinye su ba. Ina da katin shaidata da takardun albashi a cikin akwati, wasu na da hotunan ranar ma'aikata. Kuma masu yi wa baƙi bayani su zama mu ne ko 'ya'yanmu, a biya su. A rubuta sunayen waɗanda suka mutu ba a sallame su ba a bango, inda duk mai shiga zai gani.

Malama Maman Ummi:
Baba, wannan ɓangaren ba ya jiran gwamna ko kwamiti. Ina da ɗalibai 'yan aji shida da ke iya ɗaukar murya da hoto da waya. In kun yarda mu fara da ku ranar Asabar, ku kuma haɗa mu da sauran abokan aikinku da matan waɗanda suka rasu. Anti, ko za ki nemo mana matan da suka yi sana'a a bakin get?

Anti ta Nasarawa:
Zan nemo su, wasu cocinmu ɗaya. Malam, a turo mana ɗalibai biyu daga wajenku su bi su Malama, don a yi aikin tare tun daga farko.

Malam na Tudun Wada:
In sha Allahu zan turo, da izinin iyayensu. A gama kafin la'asar don su tsallako da wuri.

'Yar Kwari:
Ku ɗauki muryar su Baba, wannan alheri ne, zan ma ba da kuɗin mota. Takardar kariya ma in Lauya ya rubuta zan sa hannu, don ta hana a yanka filin. Amma a rubuta a ciki cewa wurin na masana'anta ne, kuma duk ranar da aka samu mai kafa injin saƙa shi ke da gaba. In ba a sa wannan layin ba, kada a kawo mini.

Ɗan Makera:
Yaya, a kan wannan layin ba mu daidaita ba. Ba mai zuba kuɗinsa ya cire asbesto ya gyara rufi alhali ana iya tashinsa kowace rana. Sai dai a ce zauren tarihi da ɗakin karatu ba a taɓa su, sauran filin a yi yarjejeniyar shekaru. Lauya, haka na yiwuwa a takarda ɗaya?

Lauya:
Yana yiwuwa, amma sai an san wace masaƙa ake magana da kuma halin da takardun filinta ke ciki. Zan fara binciken wannan a ofishin filaye da na rajistar kamfanoni. Kafin nan kada kowa ya tsallaka katanga da yara don ɗaukar hoto, akwai masu gadi kuma shiga ba izini laifi ne. Malama, a yi hirar a gidajen su Baba.